Ɗaliban hutu a dajin Mpala: tururuwa, giwa da shingen 1995

Da an rufe jami'o'in Amurka a watan Mayu, akwai ɗaliban da ba gida suke nufa ba. Jirgi suke hawa zuwa Nairobi, mota ta kwashe su ta yi arewa da su, ta ratsa gefen Dutsen Kenya har Nanyuki, garin da layin ikwaita ya bi ta bakinsa. Gaba kaɗan kwalta ta ƙare, a shiga turɓaya, a isa Mpala, cibiyar binciken namun daji da ke gundumar Laikipia. Jami'o'i irin su Princeton da Florida da Cornell sun daɗe suna kai ɗalibai can, wasu a wannan dogon hutun, wasu a wani lokacin na shekara. Zaman 'yan makonni ne. Ana ba da maki a kansa kamar kowane kwas, kuma kafin a naɗe kaya, kowane rukuni na mutum biyu ko uku sai ya yi ɗan bincike nasa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

A nan gizo ke saƙar. Yaro ne ɗan shekara 20 da bai taɓa ganin giwa ba sai a gidan zu, bai san sunan ciyawa ko ɗaya a wurin ba, ba ya jin Swahili, aka ce masa cikin kwanakin da ba su cika wata biyu ba ya yi wa daji tambaya kuma ya samo amsa. Abin da Mpala ta nuna shi ne hakan na yiwuwa, amma da sharaɗi: sai in ya tarar da aikin da aka fara tun ba a haife shi ba, da mutanen da ba sa tafiya ko'ina idan hutu ya ƙare.

Gona ce, ba gandun gwamnati ba

Mpala gonar kiwo ce mai faɗin eka 48,000, wajen murabba'in kilomita 200, a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,600. Da azahar rana na ƙuna, da dare kuwa a watan Yuli sai da bargo. Kogin Ewaso Ng'iro ne iyakarta ta gabas. Har yau ana kiwon shanu a ciki, kuma fili ɗaya suke ci da giwa da raƙumin dawa da jakin dawa da ɓauna, ga zaki da damisa da kura na biye da su. Wannan cakuɗar ce ta sa masana suka maƙale wa wurin. Mafi yawan namun dajin Kenya suna rayuwa ne a wajen gandun gwamnati, cuɗanye da dabbobin gida, don haka mai son sanin makomarsu dole ya san yadda zamansu yake da saniya.

Yadda ƙasar ta shiga hannun masu ita labari ne mai ɗaci. A da Laikipia makiyayar ƙabilar Masai ce. Yarjejeniyar da Turawan Ingila suka ƙulla da shugabanninsu a 1904 ta bar musu ita, ta 1911 kuma ta tashe su zuwa kudu, aka yanka ƙasar manya-manyan gonaki aka raba wa Turawa. Sam Small ya sayi Mpala a 1952. Da ya rasu a 1969 ta koma hannun ɗan'uwansa George, tsohon ɗalibin Princeton, wanda ya ga ya dace ta zama wurin karatu. An buɗe cibiyar a 1994 da haɗin gwiwar Princeton, cibiyar Smithsonian ta Amurka, hukumar namun daji ta Kenya da hukumar gidajen tarihin ƙasar.

Satin farko

A tantuna ake sauke ɗalibai, a bakin kogi, inda gurnanin dorina ke hana sabon zuwa barci. Ana tashi kafin gari ya waye, a kurɓi shayi, a hau mota mai buɗaɗɗen rufi. Dokar farko ita ce ba a yawo da ƙafa sai da ɗan rakiya, kuma giwa mai ɗa da tsohon namijin ɓaunan da ya ware daga garke sun fi zaki zama abin tsoro.

Kwanakin farko na koyon ƙidaya ne. Mota na bin layi a hankali, wannan na riƙe da na'urar auna nisa, wancan na rubutu: wace dabba, guda nawa, mita nawa daga hanya. Sai ƙidayar kashi, wadda ba wanda ya yi mafarkinta a cikin jirgi. A miƙe tef a ƙasa, a bi shi a sunkuye, a rabe na jakin dawa da na ɓauna da na barewa, a murƙushe wanda aka ƙirga don kada a sake ƙirga shi a zagaye na gaba. Dabba na iya ɓuya wa mota, amma abin da ta bari a ƙasa yana nan.

A makon ne kuma suke gane cewa jakin dawa iri biyu ne a Laikipia. Akwai gama-gari mai faɗin zane, wanda zanensa ke zagayawa har ƙarƙashin ciki. Akwai na Grevy, babba, mai siraran layuka, farin ciki fat da manyan kunnuwa zagaye. Wannan na biyun ya kai wajen 15,000 a shekarun 1970, yau wajen 3,000 ne suka rage, kusan dukansu a arewacin Kenya da 'yan kaɗan a Habasha. Zanen kowane ɗaya daban yake da na ɗan'uwansa, don haka ana ɗaukar hoton gefensa na dama, kwamfuta ta duba ko an taɓa ganin sa. Da wannan dabarar aka yi gagarumar ƙidaya ta kwana biyu a Janairun 2016, aka samu wajen 2,350 a Kenya, aka sake a 2018 aka samu 2,812. Dan Rubenstein na Princeton, wanda ya shafe shekaru yana bin jakunan dawa, yana cikin jagororin aikin.

Da an zo zaɓen abin bincike, kusan kowa zaki yake so, ko damisa, ko kyarkeci. Malami mai wayo yakan bar su su gama faɗin son ransu, sannan ya tambaye su sau nawa suka ga damisa tun saukarsu. Wanda ya ga damisa biyu a kwana goma ba shi da abin yin lissafi. Binciken ɗan lokaci yana son abu mai yawa, wanda ke nan kullum kuma ba ya gudu. A Mpala wannan abin bishiya ce.

Bishiyar da ke biyan masu gadi

Kudu maso yammacin gonar baƙar ƙasa ce mai laka, irin firgin Borno da ake dasa masakwa. Da rani ta tsattsage, da ruwa ta kama tayar mota ta ƙi saki. Itatuwa kaɗan ne ke jure mata. Wadda ta mamaye ta, fiye da kashi 90 cikin 100 na bishiyoyin wurin, wata 'yar ƙaya ce daga dangin bagaruwa, wadda masana ke kira Acacia drepanolobium. Yawancinta ba ta fi mutum tsawo da yawa ba. A gindin wasu ƙayoyinta akwai baƙin kumburi mai girman goro, cikinsa rami. Tururuwa ke huda shi ta tare a ciki, kuma idan iska ta bi ta ƙofofin sai bishiyar ta yi fito. A gindin ganyen kuma akwai wasu 'yan idanu masu tsatso ruwa mai zaƙi. Ga ɗaki, ga abinci. Tururuwar kuwa da gadi take biya.

Gwajin da ake koya wa ɗalibai a nan ba ya buƙatar komai sai safar hannu ta fata da agogo. Mutum ya kama reshe ya shafa shi da ƙarfi, kamar dabba ce ta kai baki, sai ya tsaya cik na daƙiƙa 30. Kafin ya ƙifta ido ƙofofin kumburin sun fara aman tururuwa, kowace ta ɗaga bayanta sama, suna malalowa kan safar. Abokinsa na ƙirgawa da ƙarfi, na uku na kallon agogo. Wasu sukan tsallake safar su bi hannun riga su isa wuya da cikin gashi, kuma cizonsu na da zafi. A bishiya ta goma ɗalibi ya daina tsalle, ya koyi karkaɗe su yana ci gaba da rubutu.

Iri huɗu ne ke zama a bishiyar, kuma iri biyu ba sa haɗa bishiya ɗaya. Yaƙi suke yi a kanta, mai rinjaye ya kori mai rauni. Da launi ake gane su. Mai jan gaba da baƙin baya ita ce ta fi yawa kuma ta fi kowa faɗa. Mai baƙin gaba da jan baya ita ma tana gadi sosai, sai dai tana cizge tohon reshe, bishiyar ta kasa fure, rassanta kuma su kasa taɓa na maƙwabciya inda abokan gaba za su tsallako. Siririya mai tsawo tana lalata idanun zaƙin nan gaba ɗaya, don gidan ya daina ba kowa sha'awa. Ta huɗu, baƙa ƙirin, ba ta ma kwana a kumburin. A ramukan da tsutsar wani ƙwaro ke haƙawa cikin itacen take zama, tana barin ƙwaron ya yi ɓarnarsa, kuma ko an girgiza reshe ba ta cika damuwa ba.

Wa ake gadin a kansa? Giwa. Masana biyu, Jacob Goheen da Todd Palmer, sun nuna haka a 2010 ta hanyar miƙa wa giwaye rassa, wasu da tururuwa, wasu an kakkaɓe. Reshen da aka kakkaɓe sun ci shi kamar abincin da suka fi so, mai tururuwa kuwa ko na bishiyar da suke so ne sun kauce masa. Fatar giwa na da kauri, amma cikin hancinta ba haka yake ba. Raƙumin dawa bai damu sosai ba, da harshe yake share su ya ci gaba.

A ce rukuni ya gwada bishiya 60 cikin mako guda. Sakamakon zai fito sarai: mai jan gaba ta cika safa, baƙa ƙirin ta bar ta kusan wayam. Ɗalibai za su zana jadawali mai kyau, su ce ga amintacciyar abokiya, ga macuciya, kuma a iya abin da suka gani ba su yi ƙarya ba. To amma Palmer da abokan aikinsa sun bi sama da bishiya 1,700 har shekara 8, suka wallafa a 2010 cewa bishiyar da ta zauna da irin huɗun bi da bi a tsawon rayuwarta ta fi wadda ta zauna da gwarzuwar kaɗai barin zuriya. Mai cizge toho tana hana fure, amma tana raya bishiya a ƙuruciyarta, lokacin da tsira ta fi fure muhimmanci. Baƙa ƙirin tana kusantar da mutuwa, amma bishiyar da ke hannunta takan zuba 'ya'ya da yawa. Bishiya na fin kowane gidan tururuwa daɗewa, shi ya sa lissafin ribarta ba ya fitowa a mako. Malamin kirki ba ya soke jadawalin ɗaliban. Yakan ajiye na shekara 8 a gefensa, ya bar su su kwatanta.

Shingen da ya girmi ɗaliban

Abin da ya fi kowane abu ɗaukar nauyin waɗannan kwasa-kwasai shi ne wani gwaji da Truman Young na Jami'ar California a Davis ya kafa da abokansa a 1995, wanda ake kira KLEE. An yanka filaye 18 a kan baƙar ƙasar, kowane mita 200 a tsaye, 200 a kwance. Tsari shida ne, kowane an maimaita shi sau uku. Wani filin an kewaye shi da wayar lantarki, ba babbar dabbar da ke shiga. Wani shanu kaɗai ake sakawa. Wani na namun daji ne ban da giwa da raƙumin dawa, waɗanda ake tarewa da waya a tsayin mita biyu, jakin dawa ya wuce ta ƙasa abinsa. Wani kuma a buɗe yake ga kowa. Shanun makiyaya ne ke shigar da su na 'yan sa'o'i, sau kaɗan a shekara, gwargwadon yadda ake kiwo a gonar.

Ɗalibin da ya tsaya a bakin wannan waya yana ganin shekara 30 a fili. Hagunsa dajin da giwa ke shiga, damansa dajin da ba ta taka ba tun 1995, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Duk abin da ya auna a ɓangarorin biyu, tsawon ƙaya ne ko yawan gizo-gizo ko ramukan ɓera, bambancin na da ma'ana, domin wasu sun riga sun biya kuɗin jira. Da babu shingen, aikinsa na kwana goma ba zai wuce bayanin abin da ido ya gani ba.

Kuma shingen ya sha ba masu shi mamaki. Kowa ya zaci bishiyar da aka raba da giwa za ta yi ƙiba. Bayan shekara goma sai aka ga akasin haka, kamar yadda Palmer da abokansa suka wallafa a mujallar Science a 2008. Da bishiya ta daina jin bakin dabba, sai ta rage kumburi ta rage zaƙi, wato ta rage albashin masu gadi. Mai jan gaba ta raunana, baƙa ƙirin ta ƙwace gidaje, ƙwaro mai huda itace ya samu shiga, kuma bishiyoyin da suka faɗa hannunta suka rage girma, mutuwarsu ta ninka. Ashe cin da giwa ke yi wa dajin yana cikin abin da ke riƙe da shi. A filayen da aka hana manyan dabbobi kuma, Felicia Keesing ta tarar ɓeraye sun kusa ninkawa. Macizai suka ƙaru a bayansu, haka ma ƙuma masu ɗauke da ƙwayar cutar da kan kama mutum. A 2008 aka kafa gwaji na biyu, UHURU, a kan jar ƙasar gonar, don a ga ko labarin ɗaya ne a inda ƙasa da ruwa suka bambanta.

Watan da suka zo

Ga wani gurgun da shinge ba ya gyarawa. Kalandar jami'ar Amurka ce ke zaɓar lokacin zuwa, dajin ba a shawarce shi ba. Babban ruwan Laikipia a Afrilu da Mayu yake sauka, sai ɗan ƙari wajen Yuli da Agusta, sai na Oktoba da Nuwamba. Ranin gaske daga Janairu zuwa Maris ne. Ɗalibin hutu yana isowa ne a bayan babban ruwa, ciyawa na da sauran ɗanye, dabbobi sun murmure. A shekarar da ruwa ya yi kyau zai koma gida da hoton ƙasa mai yalwa.

Aikin Wilfred Odadi, masani ɗan Kenya, ya nuna girman abin da ke kuɓuce masa. Masu gonaki sun daɗe suna cewa jakin dawa na cinye abincin shanu. Odadi ya sa shanu kiwo a filayen KLEE, wasu inda namun daji ke shiga, wasu inda ba sa shiga, yana auna nauyinsu da abin da suke ci. Sakamakon da ya fito a Science a 2011 biyu ne. Da rani maganar masu gonaki gaskiya ce, shanun da ke raba fili da namun daji ba sa ƙiba kamar sauran. Da damina kuwa su suka fi ƙiba, domin jakin dawa na cinye busassun karare da tsohuwar ciyawa, ya bar wa saniya sabon toho. Wanda ya zo a Yuni kaɗai zai rantse cewa jakin dawa abokin saniya ne. Wanda ya zo a Fabrairu zai rantse da akasin haka. Kowannensu da alkalumansa.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi cancanci kuɗin jirgin, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa idan an zo baje kolin sakamako a daren ƙarshe, kowa na ɗokin nuna ya gano wani abu. Rahoton ɗalibi mai kyau shi ne wanda ya rubuta watan da aka yi awon da yanayin ruwan shekarar a layin farko, bai ɓoye su a ƙasan shafi ba. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 damina biyar a jere ta gaza a wannan yanki na Afirka. Ɗaliban da suka zo a tsakiyar wannan fari da waɗanda suka zo bayan ruwa ya dawo kamar ba gona ɗaya suka gani ba.

Masu sanin dajin

Baƙo ko yana da ido makaho ne. A kowace mota akwai wani mutum da ɗalibai ke dogara da shi fiye da yadda suke lura: mataimakin bincike, galibi ɗan yankin, wanda wani lokacin ya fi shekara goma yana bin filayen nan. Shi ke hango kunnen giwa cikin kurmi tun kafin kowa, shi ke faɗin sunan ciyawa daga guntun da saniya ta bari, shi ya san filin da mota za ta kafe. Idan ɗalibai sun tafi, shi da abokansa ne ke gyara wayar da giwa ta tsinka, su ƙirga kashi, su ɗana tarkon ɓera a watannin da ba baƙo. Shekara 30 ɗin da ɗalibi ke aro aikinsu ne. An daɗe ana taƙaita sunayen irinsu a layin godiya na ƙarshen maƙala. A 'yan shekarun nan an fara sa wasu cikin jerin marubuta, kuma hakan ya yi daidai, ko da ya zo a makare.

Wani abin da ɗalibai ke son aunawa ma daga makiyaya ya samo asali. Nan da can a cikin dajin akwai fili fetal, ba bishiya, sai gajeriyar ciyawa 'yar'uwar kiri-kiri, barewa da jakin dawa cike da shi. Tsohuwar makwantar shanu ce, boma, inda aka killace garke da dare don tsoron zaki. Takin da ya taru yana riƙe da ƙasar shekaru gommai bayan an tashi. Ƙidayar kashi a ciki da waje na nuna bambancin cikin yini biyu, shi ya sa aikin ke da farin jini. Wasu gonakin Laikipia yanzu da gangan suke matsar da shingen ƙarfe daga wuri zuwa wuri don su farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Manomin da ke gayyatar Bafulatani ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi ya san dalilin tun tuni.

Sai maganar kujera a cikin motar. Kuɗin irin wannan kwas, da na jirgi, dubban daloli ne. Ɗalibin jami'ar Kenya da ke tafiyar rabin yini daga wurin ba ya iya biya sai an ɗauki nauyinsa. Wasu malaman kan ware gurabe ga 'yan ƙasa, kuma duk inda aka yi haka ajin kan fi armashi, domin a cikinsu akwai wanda giwa ta taɓa cinye masarar gidansu, ra'ayinsa a kanta daban ne. Ƙungiyar Tropical Biology Association, mai ofis a Cambridge da Nairobi, ta mayar da wannan ƙa'ida tun shekarun 1990: a kwasa-kwasanta na wata guda a wurare irin su Kibale ta Uganda da Amani ta Tanzaniya, kusan rabin guraben na ɗaliban Afirka ne, da tallafi, kuma 'yan Najeriya da dama sun bi ta nan. Wanda ya dawo gida ya ci gaba da aiki a daji ɗaya, a Amurum ta Jos ko a Gashaka, shi ne zai zama mai dogon lissafin da baƙi za su zo su ara.

Tarihin 1911 kuma bai kwanta ba. A 2004 Masai sun yi zanga-zangar neman a mayar musu da Laikipia. A 2017 fari ya haɗu da shekarar zaɓe, makiyaya ɗauke da bindigogi suka kora dubban shanu cikin manyan gonakin gundumar. An kashe Tristan Voorspuy, ɗaya daga masu gonar Sosian, a watan Maris, an harbi Kuki Gallmann, mai wata gonar a gundumar, a Afrilu ta rayu, makiyaya da shanunsu ma sun mutu a artabu da jami'an tsaro. Mai karatu a Arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kwas ɗin da ya koya wa ɗalibi irin tururuwa huɗu, bai kai shi ya zauna da makiyayin da ke hango ciyawa ta cikin waya ba, ya bar masa rabin karatun.

Ol Pejeta

Yawancin rukunai kan ware yini guda su je Ol Pejeta, wani gandun namun daji kusa da Nanyuki, don ganin Najin da Fatu, farar karkandar arewa biyu da suka rage a duniya tun mutuwar namijin ƙarshe, Sudan, a Maris na 2018. Hotunan da ke zuwa Instagram nasu ne. Amma ga wanda ya sha cizo a Mpala akwai abin kallo da ya fi wannan, a gefen hanya: faffaɗan fili na karyayyun bishiyoyi, irin ƙayar nan mai fito, a kwance. Ya gwada safarsa a wadda ta rage tsaye, da ƙyar ya ga mai gadi.

Wata baƙuwar tururuwa ce mai ƙaton kai, Pheidole megacephala, ta shigo yankin a farkon shekarun 2000, tana bazuwa daga gidajen mutane da wajen mita 50 a shekara. Ƙarama ce, amma da yawa take yaƙi. Tana kashe masu gadin, ta cinye ƙwansu, ta koma ƙasa inda take kwana, ba ruwanta da bishiya. Giwa ta gane. A inda baƙuwar ta ci, ɓarnar giwa ga bishiyoyin ta ninka sau biyar zuwa bakwai.

Douglas Kamaru, ɗan Kenya da a lokacin yake digirin digirgir a Jami'ar Wyoming, shi ya jagoranci binciken da ya bi zaren har kan zaki, aka wallafa a Science a Janairun 2024. Zaki da laɓe yake kama jakin dawa. Da bishiyoyi suka faɗi fili ya buɗe, jakin dawa na hango shi daga nesa, kuma kisan jakin dawa ya fi yawa kusan sau uku a inda baƙuwar ba ta kai ba. Yawan zakunan bai ragu ba, abinci suka sauya. Daga 2003 zuwa 2020 rabon jakin dawa a abin da suke kashewa ya sauko daga kashi 67 zuwa 42, na ɓauna ya tashi daga sifili zuwa 42, ita kuwa ɓauna sai da taron dangi ake kayar da ita, kuma takan kashe zaki. An gano wannan ne da zakunan da aka ɗaura wa na'ura a wuya, da filayen gwaji masu shinge, da rubutun ma'aikatan da suka yi shekara 17 suna zuwa kan mushe suna rubuta abin da aka kashe. Ol Pejeta ce mafaka mafi girma ta baƙar karkanda a Gabashin Afirka, kuma wannan ƙayar da ke faɗuwa tana cikin manyan abincinta.